Wace ƙaramar bindiga zan saya? Amsoshin wasiƙunku daga Amurka da gida

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan ƙaramar bindiga suke. Huɗu daga 'yan uwanmu mazauna Amurka suka fito, inda doka ta yarda farar hula ya mallake ta, ɗaya kuma daga gida Najeriya, inda amsar ta sha bamban. Na taƙaita su, na kuma cire sunaye.

*"Malam, ina zaune a Houston da iyalina, ina da katin zama na dindindin. An fasa gidaje biyu a layinmu cikin wata guda, shi ya sa na yanke shawarar in sayi bindiga in ajiye a gida. Abokin aikina ya ce in sayi .45, wai 9mm ba ta kayar da ƙato. Mai shago kuma Glock 19 ya nuna mini. Wa zan bi?"*

Ɗan uwa, Allah Ya tsare mana. Ka bi mai shago a wannan karon, amma bari ka ji dalili, domin gobe abokin nan naka zai sake tayar da maganar.

Harsashin .45 ACP tsohon hannu ne. John Browning ya ƙera shi, sojojin Amurka suka ɗauke shi a 1911, suka riƙe shi har 1985. Faɗinsa ya ɗan haura milimita 11, nauyin dalmarsa kusan giram 15, yana tafiya wajen mita 250 a sakan guda. Shi kuma 9mm ƙirar Georg Luger ne, a Jamus aka fara yin sa, tun farkon shekarun 1900. Nauyinsa wajen giram 8 ne, rabin na wancan ke nan, amma ya fi shi gudu, wajen mita 350 a sakan. Idan ka jera su a tafin hannu, ido zai ce maka babban ne gaba. A nan abokinka ya tsaya.

Hukumar FBI mai binciken manyan laifuka a Amurka ma ta taɓa tsayawa a nan, kuma ba a banza ba. Ranar 11 ga Afrilu 1986, jami'anta takwas suka yi musayar wuta da 'yan fashin banki biyu a Miami. An kashe jami'ai biyu, biyar suka ji rauni. Ɗaya daga cikin 'yan fashin tun farkon faɗan harsashin 9mm ya same shi, amma ya tsaya dab da zuciya bai kai ba, mutumin ya ci gaba da harbi. Hukumar ta ɗora laifin a kan harsashin, ta kafa ma'aunin da har yau kamfanoni ke bi: a harba shi cikin wani daskararren jeli da aka haɗa don gwaji, ya shiga tsakanin inci 12 zuwa 18, wato santimita 30 zuwa 46. Ta koma harsashin 10mm, aka ga shurinsa, wato yadda bindiga ke dukan hannu idan ta tashi, ya fi ƙarfin jami'ai da yawa, sai aka rage shi ya zama .40 S&W, wanda ya fito kasuwa a 1990, 'yan sandan Amurka suka yi ta rububinsa shekara da shekaru. To ina aka kwana? A 2014 sashen horarwa na FBI ɗin nan ya ce harsasan 9mm na zamani sun kamo manyan a wannan gwaji, kuma jami'ai sun fi saurin harbi da daidaita saiti da su. A 2016 hukumar ta ba Glock kwangilar bindigogi masu cin 9mm. Shekara talatin aka yi ana zagaye, aka dawo inda aka tashi.

Batun "kayar da ƙato" kuwa na fim ne. Babu harsashin ƙaramar bindiga da ke ɗaga mutum ya yar. Da yana da wannan ƙarfi, da mai harbin ma ya faɗi. Abin da ke aiki shi ne harsashi ya samu inda aka nufa, a cikin duhu, hannu na rawa, zuciya na bugawa. Wannan kuwa sai da atisaye, atisaye kuma kuɗi ne. Harsashin atisaye na 9mm yakan kama wajen santi 25 zuwa 30 kowane ɗaya, na .45 yakan kusa ninka haka. Mutumin da ya sayi .45 yakan je filin harbi sau biyu, ya ji tsadar, ya ji shurin, ya jefa ta a durowa. Ga kuma yawan abin da take ɗauka: Glock 19 harsashi 15 take ci, bindigar .45 ta gargajiya, samfurin 1911, 7 ko 8.

Sai dai kada sunan Glock ya rufe maka ido. Abin da ya sa ake yawan nuna wa sabon shiga Glock 19 shi ne matsakaicin girmanta: bututunta santimita 10, nauyinta wajen giram 670 ba harsashi, ba ta yi girman da za ta gagari ɗauka ba, ba ta yi ƙanƙantar da za ta gagari riƙo ba. Tun 1988 take kasuwa, kayan gyaranta da kubenta ko'ina akwai, farashinta tsakanin dala 500 da 600. Amma Smith & Wesson M&P 2.0 Compact, da CZ P-10 C, da Walther PDP duk ajinsu ɗaya, babu wadda za ta ba ka kunya. Bambancinsu a mariƙi yake da yadda yatsa ke kai wa kunama. Filayen harbi da yawa a Houston suna ba da hayar bindiga. Ka biya kuɗin haya, ka harba uku ko huɗu a zama ɗaya, kowace akwati guda, ka duba takardar da ka harba. Wadda ramukanta suka fi haɗuwa wuri ɗaya ita ce taka, ko da ba ita ce ta fi kyau a ido ba. Ka sani kuma Glock ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa, kariyarta a jikin kunama da cikinta take. Idan hankalinka ya fi kwanciya da makulli, M&P tana da samfurin da ke da shi. Ita kuwa SIG P320, wadda sojojin Amurka suka ɗauka a 2017, ana ta shari'a a kanta bisa zargin tana tashi ba a taɓa kunama ba. Kamfanin ya musanta, amma ni ba na tura sabon shiga wajenta sai ƙurar ta lafa.

Ta fuskar doka, mai katin zama na dindindin yana da damar saye a wurin dillali mai lasisi idan ya kai shekara 21. Za ka cike fom mai lamba 4473, a bincika sunanka a rumbun FBI. Ka karanta kowane layi da kyau, ƙarya a fom ɗin babban laifi ne. Kuma ga abin da ya bambanta ka da abokin aikinka idan shi ɗan ƙasa ne: laifin bindiga da zai jawo masa tara ko ɗan zaman kaso, kai yana iya jawo maka kora daga ƙasar, kati a hannu. Tun Satumban 2021 jiharku ta Texas ta yarda a ɗauki bindiga ba lasisi, duk da haka ka shiga ajin neman lasisin, domin a can za a koya maka inda ba a shiga da ita da kuma lokacin da doka ta yarda a harba. Kada kuma ka ɗauka dokar Texas ta bi ka ko'ina. A birnin New York ko ajiye ta a gida sai da lasisin 'yan sanda, kuma gidan harsashin da ya wuce 10 haramun ne a jihar. Mutum ya sa ta a mota ya tafi ziyara Bronx, ya kai kansa gidan yari da ƙafarsa.

Abu na ƙarshe: bangon gidajen Amurka ba na bulo ba ne. Allon farar ƙasa ne mai kaurin yatsa, 9mm da .45 duk suna ratsa shi su wuce ɗaki na gaba. Ka san inda gadon kowane yaro yake. Idan ka ji motsi da dare, ka tara iyali a ɗaki ɗaya, ka kulle, ka kira lambar gaggawa 911, kada ka fita farautar ɓarawo a falo. Talabijin ba ta kai ran mutum ba, kuma sau da yawa "ɓarawon" ɗan gida ne da ya dawo a makare.

*"Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a wajen Atlanta, aikin dare nake yi, maigidana direban babbar mota ne, yakan yi mako ba ya gari. Na je shago, mai sayarwa ya ce 'yar ƙaramar libarba mara nauyi ita ce ta mata. Na gwada ja marfin wata fistol na kasa. Ina da yara uku, babban shekararsa 14. Me ka gani?"*

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah Ya raya zuri'a. Wannan mai shagon ya faɗa miki abin da aka saba faɗa wa mata, kuma kuskure ne.

Ƙaramar bindiga mara nauyi ta fi kowace wuyar harbi. Ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ke turo bindiga baya, kuma nauyin ƙarfe ne ke shanye wannan shurin. Idan babu nauyi, tafin hannunki ne zai shanye. Irin wadda ya nuna miki, kamar Smith & Wesson 642, nauyinta bai kai rabin kilo ba, harsashi 5 take ci, mariƙinta yatsu biyu ko uku kawai yake ɗauka, kunamarta kuma sai an ja ta da ƙarfin da ya kai kilo 5, alhali ta Glock wajen kilo 2 da rabi ce. Na tsaya kusa da wata baiwar Allah a filin harbi da mijinta ya saya mata irin wannan. Tana jan kunama bakin bindigar na karkata ƙasa saboda ƙarfin da take sawa, kafin ta tashi ta riga ta runtse ido. Bayan harbi na biyar ta ajiye ta a kan tebur tana murza tsakanin babban yatsa da manuni, wurin ya yi ja. Takardar tana mita biyar kacal, rami biyu ne a jikinta. Malamin wurin ya miƙo mata babbar fistol ta haya mai cin 9mm, wadda ta ninka waccan nauyi, sai ga ramuka suna taruwa a tsakiya.

Ba wai libarba, wato mai ganga da ke juyawa da harsasai a ciki, ba ta da amfani ba ne. Ba ta da marfin sama irin na fistol da ake ja baya don harsashi ya hau, ba ta cika cijewa ba, kuma da an buɗe gangarta ido zai ga ko akwai harsashi ko babu. Idan ita zuciyarki ta fi so, ki nemi matsakaiciya ta ƙarfe zalla mai bututun inci 3 ko 4, irin Ruger GP100 ko Smith & Wesson 686. An yi su ne don .357 Magnum, amma suna cin .38 Special, wanda ya fi laushi nesa ba kusa ba, kuma shi nake so ki sa. Akasin haka ba ya yiwuwa, ba a sa .357 a bindigar .38. Aibinsu nauyi, sun kai kilo guda ko fiye, na ajiya a gida ne, da kuma kunamar da har yanzu tana da tauri.

Jan marfin da ya gagare ki kuwa, yawanci dabara ce ba ƙarfi ba. Sabon shiga yakan kama marfin ta baya da yatsu biyu, hannu a miƙe, yana ja. Malami zai nuna miki ki matso da ita kusa da ƙirji, bakinta na kallon inda babu kowa, yatsa a wajen kunama, ki dafe marfin ta sama da tafin hannu gaba ɗaya, sannan ki tura bindigar gaba da hannun da ke riƙe da ita. Kafaɗa ce ke aikin, ba yatsu ba. Idan duk da haka ya ƙi, akwai waɗanda aka ƙera musamman don wannan, kamar Smith & Wesson Shield EZ, wadda ta fito a 2018 da harsashin .380, daga baya aka yi ta 9mm. Marfinta na da laushi, ɗura gidan harsashinta ma da sauƙi. Shi .380 faɗinsa ɗaya da 9mm amma ya fi shi gajarta da rauni, a gwajin jeli yakan tsaya a bakin iyaka. Idan kina iya 9mm ki ɗauke shi. Idan .380 ne kike samun takarda da shi, ya fi 9mm ɗin da kike tsoro.

Ba ki tambaye ni batun ɗauka zuwa wurin aiki ba, amma na san yana ranki. Jiharku ta Georgia ta yarda da ɗauka ba lasisi tun 2022, sai dai asibitoci galibi sun hana ma'aikatansu shiga da makami, kuma barin ta a mota ba mafita ba ce, fasa mota don satar bindiga ya zama ruwan dare a biranen Amurka, Atlanta na gaba-gaba. Tsakanin ƙofar asibiti da motarki, ki nemi mai gadi ya raka ki.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan nauyi a wasiƙarki, yaran. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Tun 2020 kuma bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar. Mu iyaye mukan ce ɗana yana da tarbiyya, ba zai taɓa ba. Tarbiyya daban, shekara 14 daban. Yaro ya san saman kowane kabad, ya san ƙarƙashin katifa, kuma baƙin cikin da zai wuce da safe yakan zama na har abada idan akwai bindiga a kusa. Don haka akwatin ƙarfe mai lambobi, wanda ake buɗewa cikin sakan biyu ko uku, ki saye shi kafin bindigar, a ɗaure shi da ƙusa a jikin gado ko bango, lambar kuma ke da maigida kaɗai, ba ranar haihuwar kowa ba. Idan akwai wanda ke fama da damuwa a gidan, babba ko yaro, ko kuma ana yawan faɗa mai zafi, to ki haƙura da sayen a yanzu. Wannan shawara ce ta ɗan uwa, kuma ba na sassauta ta.

*"Malam, akwati mai harsashi 50 dala goma sha wani abu, wani mai 20 kacal ya haura dala ashirin, duka 9mm. Ba cuta ba ce?"*

Ba cuta ba ce, Malam, aikinsu ne daban. Mai arhar, wanda za ka ga an rubuta FMJ a akwatinsa, dalma ce aka lulluɓe da jan ƙarfe, kansa a mulmule. Ba ya buɗewa, yakan ratsa abu ya wuce, na atisaye ne. Mai tsadar, JHP, akwai rami a kansa. Idan ka ga wanda aka ciro daga jelin gwaji, bakinsa ya tsage gida-gida ya lanƙwashe baya kamar furen tumfafiya, faɗinsa ya ƙaru sosai. Wannan buɗewar ce ke rage masa gudu ya tsaya, maimakon ya wuce ya samu wanda ba ruwansa, shi ya sa 'yan sanda suke amfani da shi. Federal HST, Speer Gold Dot da Hornady Critical Duty duk sun yi suna. Lambobin 115, 124 da 147 da ke jikin akwati nauyin dalmar ne a ma'aunin giren, kada su ɗaga maka hankali, 124 ko 147 duk daidai ne. Wanda aka rubuta +P an ƙara masa matsi, sai ka duba littafin bindigarka ko ta yarda da shi, kuma ba dole ba ne.

Ka yi atisaye da mai arha, ka ajiye mai tsada. Amma ka ƙona akwati biyu ko uku na mai tsadar a bindigarka tukuna, domin wata bindigar takan cije da wani samfurin. Kada ka sayi harsashin da wani ya ɗura da hannu a garejinsa, komai arharsa. Idan kuma a New Jersey kake, dokar jihar ta taƙaita yawo da mai ramin, ka karanta ta kafin ka saya.

*"Yaya, ni ɗalibi ne a Ohio, da bizar karatu. Ba kare kai nake nema ba, wasan harbi kawai nake sha'awa tun da na kalli gasar Olamfik. Da wace zan fara?"*

Ƙanena, ka fara da lauya ko ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar wucin gadi, ta karatu ko ta ziyara, mallakar bindiga ko harsashi, sai a 'yan wasu halaye da ta keɓe, kamar mai riƙe da lasisin farauta na jiha. Karɓar haya a filin harbi ko aron ta aboki ma yana iya shiga cikin hanin. An kama ɗalibai a kan wannan, wasu hoton da suka sa a Instagram ne ya tona su. Digirinka ya fi awa guda a filin harbi.

Abin daɗin shi ne wasan da ka gani a talabijin ba ya buƙatar albarushi. Baturken nan Yusuf Dikeç, wanda duniya ta yi ta yaɗa hotonsa hannu a aljihu lokacin da ya ci azurfa a Faris a 2024, bindigar iska yake harbawa, daga mita 10, da 'yar ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5. A dokar tarayya bindigar iska ba ta cikin jerin makaman da wancan hanin ya shafa, ko da yake wasu jihohi da birane da kusan duk ɗakunan kwanan ɗalibai suna da tasu ƙa'idar. Gwangwani mai ƙwaya 500 bai wuce kuɗin abincin rana ɗaya ko biyu ba. Kuma ba wasan yara ba ne. Da'irar maki goma faɗinta milimita 11 da rabi, da hannu ɗaya ake riƙewa, babu shuri babu ƙara da za ka fake da su. Duk rawar da yatsanka ya yi, takarda za ta faɗa.

Ranar da takardunka suka ba ka dama, ka hau bindiga mai cin harsashin .22 LR. Tun 1887 ake yin sa, shi ne mafi arha, ƙasa da santi goma kowane ɗaya, shurinsa kaɗan, kuma da shi ake gasar mita 25 a Olamfik. Ruger Mark IV da Browning Buck Mark su ne na saiti, Taurus TX22 ta fi sauƙin kuɗi, Glock 44 kuma girmanta ɗaya da Glock 19, ga mai son ya saba da riƙon. Ban cika ba da shawararsa don kare kai ba, saboda ta gefen gindinsa yake kamawa, kuma yakan ƙi tashi fiye da sauran. Idan ka ja kunama bai tashi ba, ka bar bakin bindigar na kallon gaba na rabin minti kafin ka buɗe.

Ko ta iska ce ko ta albarushi, ƙa'idojin ɗaya ne: ka ɗauka kowace bindiga a ɗure take, kada bakinta ya kalli abin da ba ka son lalatawa, yatsa ba ya shiga wurin kunama sai ka yi saiti, kuma ka san abin da ke bayan abin da kake hari. Cire gidan harsashi ba ya nufin fistol ta zama fanko, ɗaya yakan rage a ciki, sai an ja marfi an duba da ido. Mafi yawan "ban san da harsashi ba" daga nan suke. Ka sa tabarau da abin toshe kunne, ƙarar 9mm takan kai desibel 160, jin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci saboda dalma.

*"Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne, ina bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa kusan kowane mako, ka san halin da ake ciki. Ina da ƙane a Amurka da ke turo motoci. Wace fistol ce ta fi dacewa ya saya mini ya sako a ciki? Ko in nemi ƙirar gida?"*

Alhaji, Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Na san ba son rai ya sa ka rubuto ba. Amma ba zan ba ka sunan ko ɗaya ba, kuma ina roƙonka kada ka sa ƙanenka a wannan hanya.

Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Na ɗurin baki, irin harba-ka-ruga da bindigar toka, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da lasisinsu. Na farauta, irin mai baki ɗaya ko biyu, har da bindigar iska, sai da lasisin Sufeto Janar. Fistol da libarba kuwa suna rukunin haramtattu, jeri ɗaya da bindigogin soja, ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da ita ba izini, hukuncin da dokar ta tanada ɗaurin shekara 10 ne zuwa sama, ƙirar waje ce irin Glock ko ta maƙerin ƙauye. Ita ƙirar gidan ma ƙarfenta ba a gwada shi ba, takan fashe a hannun mai ita. Za ka tuna a Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu. Nan take rundunar 'yan sandan jihar ta ce hanin ba da lasisi yana nan, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. A Agustan 2023 kuma muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabbin lasisi.

Ƙanenka kuwa laifi biyu zai ɗauka tun kafin jirgin ruwa ya tashi: sayen bindiga da sunansa don wani, wanda dokar Amurka ta 2022 ta sa masa ɗaurin da ya kai shekara 15, da fitar da makami ba izini. A 2024 kotun tarayya a Karolina ta Arewa ta samu wani manjo na sojan Amurka da laifin tura bindigogi Ghana a cikin duro-duron shinkafa da kayan gida. Kakinsa bai cece shi ba.

Ko da an ɗauke batun doka, a dubi abin da idon basira. Fistol makamin kusa ne, mita biyar zuwa goma a hannun yawancin mutane. Waɗanda ke tare wannan hanyar da AK-47 suke zuwa, su da yawa, daga nesa suke buɗe wuta. Harsashi 15 a aljihunka ba zai kore su ba, sai dai ya sa su harbi motar da kowa ke ciki. A shingen jami'an tsaro kuma, ita ce za ta sa a rubuta sunanka a matsayin mai kai wa 'yan bindiga makami.

Abin da ke hannunka shi ne abin da direbobin hanyar suka riga suka sani: tafiya da rana tsaka cikin ayari, tambayar tasha kafin a tashi, bin rakiyar jami'ai idan akwai, tura kuɗi ta banki maimakon ɗauka, da rashin sanar da kowa ranar tafiya sai wanda ya zama dole. Idan tsaron gida da unguwa ne, Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024, ta nan gudummawarka za ta shiga ba tare da ka taka doka ba. Idan kuma bindigar farauta kake so ka ajiye a gida, ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiha da kanka, kai da lauyanka, ka ji matsayin lasisi a yau. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya kawo maka takardar har gida, ta bogi zai kawo.